Matambayi Ba Ya Ɓata: Yadda Injinan Bincike Suka Yi Yawa, Suka Koma Ɗaya

Kafofin yaɗa labarai na Hausa sun daɗe da laƙaba wa Google sunan "shafin matambayi ba ya ɓata", kuma laƙabin ya bi shi, har ta kai yawancin masu riƙe da babbar waya ba sa raba bincike a intanet da buɗe Google. Sai dai karin maganar da aka aro tana tafe da sharaɗi biyu waɗanda magabata ba su ga buƙatar furtawa ba: wanda aka tambaya ya san hanyar, kuma ba shi da wata riba idan ya karkatar da matafiyi.

A tsakiyar shekarun 1990, mai neman wani abu a yanar gizo yakan tarar da jerin injinan bincike a gabansa, biyar ko goma, kowanne da halinsa da inda ya fi ƙarfi, ana kuma sabunta jerin a kai a kai saboda sababbi na fitowa, tsofaffi na mutuwa. A yau fiye da kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi daga Najeriya ta ƙofa ɗaya yake bi. Yadda wancan jeri ya tsuke, da wanda ya tsuke shi, da kuɗin da aka kashe a kai, duk a Amurka aka yi su. Sakamakon kuwa yana cikin aljihun malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da manomi a wuri irin Tsanyawa, ƙaramar hukumar da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina gaba da Bichi, inda gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake suke manne da juna, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta fiye da mutum 150,000.

## Kafin a yi inji

Neman sani bai jira kwamfuta ba. Manomin da ke son jin farashin buhun wake kafin ya fitar da nasa yana da hanyoyinsa: ya jira ranar kasuwa, ya tare direban da ya dawo daga Dawanau, ko ya je wurin dillali. A fataucin nesa abin ya fi haka ƙa'ida. Falke idan ya sauka a zango, a Salaga ko Kumasi ko Sabon Ibadan, wurin fatoma yake nufa, shi zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye ta hannun dillalansa, a yanke la'ada. Kowa ya san dillali don la'ada yake aiki, amma kowa ya san gidansa. Ranar da ya haɗa baƙo da macuci, sunansa ne ya zube a kasuwa, kuma tsoron wannan zubewar shi ke tsare gaskiyar amsarsa.

A fagen ilimi malami ne ke riƙe da wannan matsayi. Gwanin tsangaya yana iya faɗin sau nawa wata kalma ta zo a Alƙur'ani da surorin da ta zo a ciki ba tare da ya buɗe takarda ba. Malaman Musulunci sun mayar da irin wannan sani rubutu ta hanyoyi biyu, waɗanda ya kamata a riƙe don su ne suka sake bayyana a intanet. Ta farko ita ce ta Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, wanda a shekarar 987 ya tsara littafinsa Alfihirist: jerin littattafan da ya sani, an kasa su fanni-fanni, nahawu daban, fiƙihu daban, tarihi daban. Ta biyu ita ce ta Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi na Masar, wanda a 1945 ya fitar da Mu'ujamul Mufaharas, inda aka jera kalmomin Alƙur'ani, a gaban kowace aka nuna duk ayoyin da ta zo a cikinsu. A hanya ta farko mutum daga fanni yake farawa ya gangaro zuwa littafi. A ta biyu kalma ɗaya ta ishe shi.

Zamanin boko ya ƙara nasa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara kalmomin Hausa kusan 39,000. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta buɗe wa masu karatu filin wasiƙu. Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, ya shahara da shirin Amsoshin Takardunku. Mai tambaya zai rubuta wasiƙa, ya kai gidan waya, ya kasa kunne makonni. Idan amsar ta zo, da Hausa take zuwa, kuma duk wanda ke zaune a gindin rediyon ya ji ta, mai ja ya ja.

## Kasuwa mai rumfuna da yawa

Injin bincike na farko ya riga yanar gizo bazuwa. A 1990 Alan Emtage, ɗalibi ɗan tsibirin Barbados a Jami'ar McGill ta Kanada, ya haɗa Archie, wanda aikinsa tattara sunayen fayilolin da ke ajiye a kwamfutoci daban-daban, ba tare da ya leƙa abin da ke cikinsu ba. Da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya yanar gizo a 1991, shafukan ba su da yawa, har shi da kansa yake riƙe da jerinsu da hannu.

Da shafuka suka fara ninkuwa, sai hanyoyin nan biyu suka dawo. A 1994 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford, Jerry Yang da David Filo, suka fara jera shafukan da suka burge su fanni-fanni. Wannan jeri shi ya zama Yahoo, kuma tafarkin Ibn Nadim ya bi: mutane ne ke duba shafi, su yanke hukuncin inda ya dace a ajiye shi. A wannan shekarar dai WebCrawler na Brian Pinkerton ya ɗauki tafarkin Abdulbaƙi, ya zama na farko da ya shahara wajen karanta kowace kalma a cikin shafi ya shigar da ita fihirisa. Lycos ya fito daga Jami'ar Carnegie Mellon, Infoseek da Excite suka biyo baya, a Disambar 1995 kuma AltaVista ya zo da saurin da ba a taɓa gani ba. Da yake babu wanda ya tattara komai, sai ga wasu irin MetaCrawler da Dogpile, waɗanda ba su da fihirisar kansu, aikinsu su aika tambaya ga injina da yawa lokaci guda su haɗo amsoshin. Ƙwararren mai bincike a wancan zamani shi ne wanda ya san rumfar da zai nufa da kowace irin tambaya.

Tun a lokacin aka gane inda kuɗin yake. Netscape, burauzar da mafi yawan mutane ke shiga yanar gizo da ita, tana da maɓallin bincike, kuma duk injin da maɓallin ya kai mutane gare shi ya samu kasuwa. A 1996 kamfanin ya sayar da wannan gurbi ga injina biyar, wato Yahoo da Magellan da Lycos da Infoseek da Excite, kowanne a kan dala miliyan 5 a shekara, ana juya su bi da bi. Mai danna maɓallin yana ganin kamar shawara aka ba shi, alhali kuɗin rumfa aka biya. Wannan ciniki shi ne kakan duk wanda ya biyo baya.

## Gizo-gizo, fihirisa da shaida

Kowane injin bincike aiki uku yake yi. Da farko yana sakin wata manhaja da ake kira gizo-gizo, ta riƙa bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi tana kwafo abin da ta tarar. Sa'an nan a warware kwafin kalma-kalma a gina fihirisa, ta yadda a gaban kowace kalma akwai jerin shafukan da ta fito. Saboda haka mai bincike ba intanet ɗin kanta yake bincikawa ba, kwafin da injin ya riga ya ajiye yake dubawa, kuma abin da gizo-gizo bai taka ba, a wurin injin babu shi. Aiki na uku shi ne mai wuya: idan shafi dubu ɗari suka ƙunshi kalmar, wanne za a sa a sama?

Injinan farko sun dogara ne da yawan maimaituwar kalma a cikin shafi. Masu wayo suka gane haka, suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa a ɓoye, sakamakon bincike ya cika da shara. Larry Page da Sergey Brin, su ma ɗaliban Stanford, suka kawo wata dabara da suka kira PageRank. Maimakon a saurari abin da shafi ke faɗa a kan kansa, sai a duba su wane ne suka yi nuni zuwa gare shi, kuma nunin shafin da shi ma ake yawan nuni gare shi ya fi nauyi. Duk wanda ya taɓa neman bashi a kasuwa ya san wannan ma'auni: shaidar babban ɗan kasuwa guda ta fi ta 'yan tireda goma da ba a san su ba. Da wannan aka kafa kamfanin Google a Satumbar 1998, kuma amsoshinsa sun fi na sauran tsabta nesa ba kusa ba.

La'ada ma ta samu sabon salo. A 1998 kamfanin GoTo na Bill Gross ya fara gwanjon matsayi, wanda ya fi biya shi ne a sama. Google ya fara tallansa na AdWords a shekarar 2000, ya ware tallan a gefe da alama, daga baya shi ma ya koma gwanjo. A wannan shekarar Yahoo ya ɗauki Google ya riƙa samar masa da sakamakon bincike, ya tallata shi ga miliyoyin mutane da hannunsa. Kafin ya farga ya raba gari da shi a 2004, bakin alƙalami ya bushe. Sauran suka bi layi: an rufe AltaVista a 2013, jerin Yahoo na fanni-fanni a ƙarshen 2014, DMOZ kuma, jerin da 'yan sa-kai ke tsarawa, a 2017. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu a gida su ne masu harshe da kasuwa tasu: Yandex a Rasha tun 1997, Naver a Koriya ta Kudu tun 1999, Baidu a Sin tun 2000.

## An ci kasuwa kafin Arewa ta iso

Lokacin da ake wannan kokawa, Najeriya gaba ɗayanta ba ta da layin tarho rabin miliyan a hannun NITEL. A Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya shigo a 2003. Intanet kuwa a shagunan kafe take, a cikin birane da kewayen manyan makarantu, ana sayen lokaci da awa, masu neman rangwame su kwana a ciki. Abin da ya tura talakawa can shi ne jarrabawa: duba sakamakon WAEC da NECO da kati mai kankarewa, da rajistar JAMB. Ɗalibi daga ƙauyukan Tsanyawa sai ya hau mota zuwa gari, ya miƙa wa yaron kafe takardunsa, shi zai taɓa kwamfutar a madadinsa. Sunan da ya fi zama a bakin mutane a lokacin Yahoo ne, saboda akwatin imel, har ya zama laƙabin 'yan damfarar intanet.

Abin da ya kai intanet ƙauye wayar hannu ce. Burauzar Opera Mini, da ke matse shafi kafin ya iso don ya ci data kaɗan, ta mamaye ƙananan wayoyi a Najeriya, kuma gurbin bincikenta Google yake kai mutum. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, farashin data ya fara sauka. Sa'an nan wayoyin Android masu araha suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, musamman Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, daga nan suka bazu zuwa kasuwannin ƙauye. Android mallakar Google ce, kuma kowace waya takan zo da gurbin bincikensa shimfiɗe a fuskarta tun daga kwali.

Ma'anar wannan ita ce mafi yawan Hausawa ba su taɓa ganin wancan jeri na injina ba. Ba su gwada AltaVista suka bar shi ba, ba su auna Google da wani suka fifita shi ba. Sun iso ne bayan an tashi kasuwa, saura rumfa ɗaya a buɗe. Ko da wani zaɓi ya zo, wani ne ya tsara shi: shirin Free Basics da Facebook ya kawo Najeriya tare da Airtel a 2016 ya ba da damar shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka ba tare da data ba, amma kamfanin ne ke da ƙa'idar shiga jerin. Indiya ta hana irin wannan tsari a farkon wannan shekarar.

## Ladan kuturu

Ingancin Google gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ya riƙe masa kasuwa ba. Shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar a 2020 ta fito da alƙaluman da aka daɗe ana ɓoyewa: a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya da masu burauza da kamfanonin sadarwa don ya zama injin da aka saka tun daga masana'anta. Apple shi kaɗai ya karɓi kimanin dala biliyan 20 a 2022. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dalilin biyan kuwa sananne ne: mutane ƙalilan ne ke shiga saitin waya su canza abin da suka tarar. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ta haramtacciyar hanya, ko da yake a hukuncin gyara na 2025 bai tilasta masa sayar da burauzarsa ta Chrome ba.

Tarayyar Turai ta riga Amurka motsawa. A 2018 ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34 a kan yadda yake ɗaure masu ƙera wayoyin Android, daga 2020 kuma duk wanda ya kunna sabuwar wayar Android a can sai an nuna masa jerin injina ya zaɓa. Wato doka ta dawo da abin da kasuwa ta kashe. Wannan allo na zaɓi bai shafi wayar da aka saya a Kano ba. Sauran injinan suna nan, Bing na Microsoft tun 2009, DuckDuckGo mai alƙawarin ƙin bin sawun mai bincike tun 2008, kuma canzawa ba ta wuce 'yan danne-danne a saitin burauza ba, amma sai wanda ya san akwai su.

Bambancin wannan dillali da na zango a fili yake. La'adarsa daga mai talla take fitowa, a gwanjon da mai tambaya ba ya gani, kuma idan ya kai mutum ga shafin bogi na ɗaukar aiki ko na maganin ƙarya, babu ƙofar gidan da za a je a tsaya.

## Abin da ba a rubuta ba

Ko da an dawo da injina goma, akwai matsalar da ta fi ta zaɓi zurfi ga mai tambaya da Hausa: fihirisa ba ta ba da abin da ba a zuba mata ba.

Matsalar ta fara ne daga haruffa. A shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, amma keken rubutu da kwamfutocin farko ba su san su ba. A shekarun 1990 masana irin Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro zanen haruffa na musamman don a iya buga su, sai dai irin wannan dabara aron gurbin wani harafi take yi, idan rubutun ya koma kwamfutar da ba ta da zanen sai ya rikiɗe. Tsarin Unicode ya warware wannan, amma kafin allon rubutu na waya ya kawo haruffan kusa da yatsa, mutane sun saba da nasu hanyoyin. Kalma ɗaya takan fito a siffa huɗu: ƙasa, kasa, k'asa, qasa. Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Daɗin daɗawa, rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka fari na launi da fari na rashin ruwa siffarsu ɗaya, haka gari na zama da gari na tuwo, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Ɗan Adam daga zancen yake ganewa. Inji sai ya ga misalai masu ɗimbin yawa kafin ya koya, misalan kuwa su ne ba su da yawa.

Sai kuma sunaye. Manomin Tsanyawa ya san wuta-wuta sarai, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse dawa da gero tun daga saiwa. Binciken da aka yi a kanta a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da reshen IITA na Kano yana da yawa, amma kusan duk da Turanci yake, a ƙarƙashin sunan Striga. Wanda bai san wannan suna ba, ƙofar a rufe take gare shi, ko da amsar na nan a ajiye. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, manoma "sharon" suke kiranta. Wanda ya rubuta wannan kalma a gurbin bincike sunayen mutane zai tarar. A nan ne malamin gona na KNARDA yake da aikin da inji bai karɓe ba, domin shi ne ya san sunayen biyu.

Na uku, ilimin Hausa mai yawa yana wuraren da gizo-gizo ba ya shiga. Yana cikin shirye-shiryen rediyo, da karatun malamai da aka naɗa, da saƙonnin murya na WhatsApp, da zaurukan Facebook. Rahotannin gundumomin Lardin Kano na zamanin Turawa suna cikin fayiloli a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu takardun a Gidan Arewa, wasu a Gidan Ɗan Hausa. Rubuce-rubucen ajami, ko waɗanda aka ɗauki hotonsu aka ɗora a intanet, hotuna ne, ba a binciko kalma a cikinsu. Shi ya sa wanda ya nemi Tsanyawa a intanet zai fi cin karo da alƙaluman ƙidaya da sakamakon zaɓe da labaran ranar da wani abu ya faru, tarihin garuruwanta da kasuwanninta da malamanta kuwa yana bakin dattawa.

An samu ci gaba. Google Translate ya shigar da Hausa a Disambar 2013, Facebook ya samu fuskar Hausa a 2016, jaridu irin Aminiya da sassan Hausa na BBC da DW da RFI suna zuba rubutu kullum, 'yan sa-kai kuma sun kai Wikipedia ta Hausa dubun-dubatar maƙaloli. Ta Turanci ta haura miliyan 6. Ga harshen da masu magana da shi suka kai miliyoyi masu yawa daga Kano zuwa Maraɗi zuwa zangunan Gana da Sudan, tazarar tana da girma.

## Sabon jeri

Tun daga Nuwambar 2022, da ChatGPT ya fito, jerin ya sake buɗewa karo na farko cikin shekara 20. Microsoft ya haɗa irin wannan fasaha da Bing a 2023. A 2024 Meta ya saka mataimakinsa na ƙirƙirarriyar basira a cikin WhatsApp a Najeriya, Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike, ya kuma sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da murya. Matasa da yawa ma a TikTok da YouTube suke neman yadda ake yin abu. Ga wanda karatun boko bai zauna masa ba, tambaya da baki babban sauƙi ne.

Amma siffar amsar ta canza. Tsohon inji yakan jera shafuka goma ya bar mutum ya auna su. Sabon yakan haɗa amsa guda cikin lafazi mai daɗi, ba kullum yake nuna inda ya samo ta ba, kuma inda rubutun da ya koya daga gare shi ya yi ƙaranci, yakan cike giɓin da abin da ya yi kama da gaskiya. Hausa na cikin harsunan da giɓin ke da faɗi. Idan tambayar ta shafi adadin maganin feshi a gonar wake, ko maganin da za a ba yaro mai zazzaɓi, ko hukuncin gado, kuskuren da aka faɗa da ƙarfin gwiwa ya fi shiru illa. Al'ummar da ta gaji tambayar "wa ya faɗa, daga wa ya ji?" tana da makamin da ya dace da wannan zamani, in ta yi amfani da shi.

Koriya ta Kudu ta taɓa shiga irin wannan hali. A farkon shekarun 2000 rubutun Koriyanci a yanar gizo bai da yawa, don haka ko wane inji aka kawo ba abin da zai tono. A 2002 Naver ya buɗe wani dandali inda mutane ke yin tambaya wasu su amsa da harshensu, amsoshin su taru su zama abin bincike. Da wannan taska ya riƙe kasuwar ƙasarsa shekaru masu yawa a gaban Google. Abin da ya ba shi galaba rubutun da jama'a suka zuba ne.

Wannan aiki a ƙasar Hausa yana hannun waɗanda suka san sunayen biyu: likitan da ya san abin da majiyyaci ke nufi da "shawara" ko "daji", malamin gonar da ya san wuta-wuta ita ce Striga, lauyan da zai iya bayyana dokar filaye da Hausa, malamin makarantar da zai zauna da dattawan garinsu ya rubuta abin da suka sani. Bayanin da aka yi a saƙon murya yakan tsaya a zauren da aka tura shi. Wanda aka rubuta a buɗaɗɗen shafi, da daidaitattun haruffa, da sunan Hausa kusa da na kimiyya, da sunan marubuci da kwanan wata, shi gizo-gizo ke tararwa, kuma daga gare shi injin yau da na gobe za su ɗebo amsar da za su ba mai tambaya daga Tsanyawa.